Barewar da Ke Kiwo a Bayan Gilashi

Ni na fara gani, kuma har gobe ba zan yarda wani ya ƙwace mini wannan ba. Ranar Asabar da safe na shiga zauren sahara da tsumma zan goge shatin yatsun yara daga jikin gilashi. Na ɗaga kai in gaida bunsurun dutse kamar kullum, sai na ga ya wayi gari da ƙahon da ko ɗan akuyar maƙwabciyata zai ji kunyar fita da shi.

Sunana Fikriyya. Ni ke sayar da tikiti a ɗan ƙaramin gidan tarihin namun daji na unguwarmu a Aswan, ni ce kuma ke zagayawa da 'yan makaranta ina hana su lasar gilashi. Dabbobinmu duk matattu ne, an cusa fatunsu an tsayar da su kamar masu rai, kowacce a ɗakinta na gilashi. Ɗakin sahara shi ne abin taƙamarmu. Yashi ne shimfiɗe, barewa a gaba ta sunkuya tana kiwo, sawunta jere a bayanta, can ƙurya kuma bunsurun dutse ya tsaya a kan duwatsu da ƙaho mai lanƙwasa har gadon baya. Don wannan ƙahon mutane ke fitar da kuɗinsu. To, an yanke shi daga tushe, an manna wani ɗan guntu da gam.

Na ƙwala ihun da ya sa tattabarun rufi suka watse.

Kafin shugabarmu Doktora Nagwa ta ajiye jakarta, an riga an gama shari'a a shagon gahawan Mu'allim Shahata da ke tsallaken titi. Mutumin nan bai taɓa sayen tikiti ko sau ɗaya ba, amma ranar nan ya fi kowa kishin bunsurunmu.

"Wa ke riƙe da makullai?" yake tambayar masu shan shayinsa, muryarsa har cikin zaurenmu. "Karrar! Daga ina Karrar ya fito? Daga duwatsu! Su wa ke cin naman bunsurun dutse? To me kuma ake jira?"

Karrar shi ne mai gadinmu, mutumin ƙabilar Ababda, wanda zai yini bai yi magana goma ba. Da matashin jami'in 'yan sanda ya iso, wanda duk muke kira Basha, sai ya shinshina guntun ƙahon ya ce ɗanye ne, ba a daɗe da kashe dabbar ba. Nan take ya karɓe makullan Karrar, ya zaunar da shi a benci, ya sa ɗan sanda a kansa.

Karrar bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Basha, in ka sa ni a motar nan mutanena suka ji, ko gobe ka sako ni na riga na mutu. Wanda ya ci amanar gidan da aka ba shi gadi ba ya sake zama cikin maza."

 Doktora ta roƙi Basha ya dakata zuwa la'asar, ta ce akwai wanda take so ya duba yashin tukuna. Da ta ambaci sunan Ammu Hasaballa, Basha ya gyara tsayuwa ya ce ya amince.

*

Ammu Hasaballa, wato Baffa Hasaballa, ya tsufa yana aikin bin sawu a rundunar raƙuma masu tsaron kan iyaka, yanzu ya ajiye aiki yana kiwon awaki a bayan gari. Ya sauko daga motar haya da sandarsa, bai kai ƙofa ba Shahata ya jefo masa magana.

"An kawo ɗan sahara ya wanke ɗan sahara ke nan!"

Tsohon ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan ƙanena na bi wa sawu har gidan yari, Mu'allim. Kai kuma takalminka na hagu ya fi na dama cinyewa, ka rage leƙen gidajen mutane."

Aka kwashe da dariya, ni ma na dara duk da halin da nake ciki.

A zauren sahara ya tarar da Ustaz Mitri, dattijon da ya ɗinke dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Mitri na tsaye gaban gilashi kamar mai zaman makoki. Su biyun suka gaisa da girmamawa, suka duƙa tare suna kallon yashi.

"Ta ina ake shiga?" in ji Ammu Hasaballa.

"Akwai 'yar ƙofa ta baya, daga sito. Sakata ce kawai. Dole ka taka yashin nan ka wuce ta bayan barewa kafin ka kai duwatsu."

"An share da ganyen dabino," in ji Ammu Hasaballa. "An share da kyau kuwa, ko ɗan yatsan ƙafa bai bari ba. Amma wannan sawun barewar fa, naka ne?"

Mitri ya gyara tabarau, ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashi. "Ba nawa ba ne! Ni da kofato na gaske nake bugawa. Wannan kuwa..."

"Da yatsu aka yi. Da ya share sawunsa sai ya haɗa da naka, shi ne ya mayar da wani don kada a lura."

Basha ya tafa hannu. "Zana sawun dabbobi da yatsu a yashi, ai wasan yaran sahara ne. Mutum nawa ne 'yan sahara a gidan nan?"

Kowa ya san Karrar ne kaɗai. Na harari tsohon nan harara mai kyau. An kira shi ya ceci mutum, ya zo ya ƙara masa igiya a wuya. Shi ko a jikinsa, sai ma ya ce a ba shi ruwan zoɓo mai sanyi, yana so ya gaisa da ma'aikata.

*

Ya fara da Karrar. Ya zauna kusa da shi a benci kamar sun haɗu a tasha.

"Jiya Juma'a ina kake?"

"Na kulle gida na tafi masallaci. Daga can na ci abinci wurin 'yar'uwata, na dawo."

"Yaushe rabonka da ganin barewa mai rai?"

Karrar ya ɗago kai, a karon farko ranar nan fuskarsa ta saki. "Tun ina kiwo. In ka zauna ta inda iska ba za ta kai mata warinka ba, ka yi shiru, sai ta shigo cikin awaki ta yi kiwonta. Har kana jin ƙarar haƙoranta."

"Haka ne," in ji tsohon, ya miƙe. Shi ke nan tambayar. Basha ya dube ni, na dube shi.

Daga nan muka shiga sito, inda teburin aikin Mitri yake a gefe, motar gidan kuma a ɗaya gefen. Ɗan sanda ya ɗago zarton Mitri, ga garin ƙaho fari fat a haƙoransa. Kowa kuwa ya san Mitri da Doktora sun yi cacar baki kwanan baya a kan maganar ya ajiye aiki ya huta.

"Ustaz," in ji Basha a hankali, "zartonka ne."

Mitri ya yi ja har kunnuwa. "Zartona ne, a kan tebur yake kwana, ko kyanwa ta ga dama ta ɗauka! Amma ka je ka dubi yadda aka manna ƙahon can. A karkace! Da gam ɗin takalmi! Basha, in za ka ɗaure ni don sata ka ɗaure ni, amma kada ka zage ni da wannan aikin."

Ammu Hasaballa ya yi dariya har da tari. Ya tambayi wa ke da makullin sito ta waje, aka ce Mitri da Karrar, sai kuma direba.

Direbanmu Midhat na jingine da mota yana kaɗa makulli a yatsa, baƙin tabarau a goshi, turarensa ya cika sito. Ni dama can ba ya burge ni. Duk wanda zai kira ni "Hajiyarmu" da safe ya kuma ajiye mini bawon gyaɗa a tagar tikiti da rana, na san inda na ajiye shi.

"Kaico Karrar," ya ce yana girgiza kai. "Talauci babu kyau, Ammu. Ni jiya ba na ma gari. Kowace Juma'a nakan ɗauki baƙi a jif ɗin wana mu shiga sahara."

"Farauta?"

"Haba! An hana. Hoto kawai suke ɗauka."

"Ka san sahara ke nan."

"Kada ka ji haushi, Ammu, amma inda raƙuminku zai yi kwanaki bai kai ba, ni kafin shayi ya huce na je na dawo. Babu kwarin da ban sani ba."

"Ma sha Allah," in ji tsohon, ya murza idanunsa. "Mu namu ya wuce, ɗana. Ido ya tafi, gwiwa ta tafi."

Da muka fito na kasa haƙuri. "Ammu, rana tana yi, kai kuma kana ta yabon masu turare!"

"'Yata, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Je ki samo zanin gado ki rufe gilashin can ruf. Ki sa a kawo buhun yashi a zuba a kan tabarma a gabansa. Sannan ki ce wa Shahata ya kawo shayi da kansa, ya taho da duk masu bakin nan nasa."

*

Ana gab da la'asar zauren sahara ya cika. Doktora na tsaye ta harɗe hannu, Mitri na gefenta, Midhat ya samu kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Shahata da jama'arsa sun yi cincirindo a bakin ƙofa, yau sun shigo kyauta. Aka shigo da Karrar tsakanin 'yan sanda biyu.

Ammu Hasaballa ya kurɓi shayi ya ajiye. "Jama'a, ku yafe ni. Ɓarawon nan ya fi ni. Ya share sawunsa, ni kuwa sawu nake karantawa, ba zuciya ba."

Karrar ya sunkuyar da kai. Shahata ya ce, "Ai dama na faɗa!" Ni kuwa ji na yi kamar in kwaɗa wa tsohon nan tiren shayi.

"Abu ɗaya zan iya yi wa gidan nan kafin in tafi," ya ci gaba. "Gobe yara za su zo, kuma Ustaz Mitri ya ce kofaton da yake bugawa da shi ya tsage. Bari in nuna masa yadda ake yi da hannu, in ban manta ba."

Mitri ya buɗe baki zai ce kofatonsa lafiya lau yake, sai na ga sun haɗa ido da tsohon, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ammu Hasaballa ya durƙusa da ƙyar gaban tabarma. Ya haɗe yatsu biyu ya danna a yashi, ga ɗan sawu tsukakke mai tsini. Ya matsa kaɗan ya sake dannawa, ya kuma danna wani kusan a cikinsa. Haka ya yi ta yi, ƙanana, kusa da kusa, hannunsa na rawa.

"Haka ne ko? Kai Karrar, haka ne?"

Karrar ya ɗan leƙa, ko a wannan hali bai iya ƙarya ba. "Haka ne, Ammu."

Sai Midhat ya fashe da dariya. "Wane irin haka ne? Wannan ai sawun tunkiya ce mai ciki! Ku biyun kun daɗe a gari, kun manta. Matsa ka gani, Ammu."

Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya ware yatsu biyu ya caka su da ƙarfi, ya ɗiga ɗigo biyu a baya da babban yatsa. Ya yi huɗu a cunkushe, ya tsallake wuri mai faɗi, ya sake yin huɗu. Hannunsa ko gargada babu.

"Ga barewa! Kofato a buɗe, yashi a watse. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba."

"Kai, ma sha Allah," in ji tsohon. Sai ya miƙe tsaye, kuma ban ga wata gwiwa da ta tafi ba. Muryarsa ma ta canja. "Fikriyya, yaye zanin."

Na fizge shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Kowa ya dubi cikin gilashi, ya dubi tabarma, ya sake duban gilashi. Kofato a buɗe, ɗigo biyu a baya, huɗu a cunkushe, tsallake, huɗu a cunkushe. Ko makaho ya shafa zai ce hannu ɗaya ne.

"Ku dubi barewar can," in ji Ammu Hasaballa. "Kanta a ƙasa, kiwo take, babu mai korar ta. Barewa mai kiwo kofatonta a rufe yake, takunta gajere, tana sa ƙafar baya inda ta ɗauke ta gaba. Duk wanda ya yi kiwo ya san haka tun yana yaro. Sawun da ke bayanta kuwa na barewar da ke gudun mutuwa ne. Tun da safe na san wanda ya zana shi bai taɓa ganin barewa hankalinta kwance ba. Iyakar saninsa da ita, tana gaba, shi yana baya a mota da bindiga."



"Kowa ma zai iya yin irinsa!" in ji Midhat, gumi ya karyo masa.

"To ga tabarma, ga jama'a, wani ya gwada. Amma ya fara tsaga farcen yatsansa na tsakiya, don akwai ɗan layi a kowane sawu, a can da nan. Miƙo hannunka, ɗana."

Maimakon ya miƙa, sai ya cusa hannun a aljihu. Basha ya taka a hankali ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe tafin hannunsa.

"Makullin jif."

Nan fa Midhat ya zube. Wai wani attajirin baƙo ya yi wa alkawarin bunsuru mai babban ƙaho, suka yi ta yawo ba su samu ba sai ɗan ƙarami, baƙon kuma ya ce ba zai koma gida abokai su yi masa dariya ba. Shi ne ya yanke namu don baƙon, ya manna ƙahon ƙaramin a wurinsa. Wai ya ɗauka babu wanda zai lura. Babu wanda zai lura! Ni da nake gaida bunsurun nan kowace safiya!

"Da ka yi shiru ka bar tsoho da tunkiyarsa," in ji Mitri, "da yanzu kana gida kana cin wake."

*

Ba a jima ba 'yan sanda suka dawo da ƙahon naɗe a bargo, daga bayan jif suka ciro shi. Ba su bi ta sito ba, ta tsakiyar titi suka biyo, mutum biyu na ɗauke da shi, unguwa duk ta fito kallo. Mitri ya tarye su yana faɗa, "A hankali! Ba itacen girki ba ne!" Ya rungume ƙahon yana hawaye ba kunya. Doktora ta dafa kafaɗarsa ta ce maganar hutu a bar ta, wa zai mayar da wannan in ba shi ba?

Sannan ta karɓi makullai daga hannun Basha, ta sauko har bakin titi, ta damƙa wa Karrar da hannu biyu. Karrar ya karɓa, amma bai motsa ba. Ido ya zuba wa Shahata, wanda ke ƙoƙarin sulalewa da tirensa.

"Mu'allim," in ji Ammu Hasaballa, "da safe muryarka har bakin kogi. Yanzu kuma ta shige ina?"

"Ni ai abin da mutane ke faɗa na faɗa..."

"Kai ne mutanen!" na ce. "Ajiye tiren nan!"

Masu shan shayinsa da kansu suka turo shi gaba. A wurinmu wanda ya zalunci mutum da baki, kan mutumin yake sumbata a gaban jama'a ya ce haƙƙinka na wuyana. Shahata ya matso yana murmushin yaƙe, ya ɗaga hannu zai jawo kan Karrar ƙasa. Amma Karrar dogo ne kamar dabino, Shahata kuwa ko kafaɗarsa bai kai ba, kuma Karrar ya ƙi sunkuyawa ko kaɗan. Shahata ya yi ɗage, ya yi tsalle, bai kai ba. Ya waiga neman mai ceto, babu wanda ya yi ko tari.

Da ƙafarsa ya tsallaka titi, ya ɗauko kujera daga shagonsa, ya dawo ya dasa ta gaban Karrar. Ya hau tana rawa, ya kama kan mai gadinmu da hannu biyu ya sumbata.

"Haƙƙinka na wuyana, Karrar. Ni na yi maka ƙazafi."

"Ban ji ba," in ji Karrar.

"Na ce ni na yi maka ƙazafi! Kai ba ɓarawo ba ne!"

Na sa hannu a baki na rangaɗa guɗar da rabona da irinta tun bikin ƙanwata, matan saman benaye suka amsa mini, titi ya ɗauka gaba ɗaya. Karrar ya tsaya ƙyam har guɗar ta lafa. Sannan ya miƙa hannu ya riƙe kujerar da kyau.

"Yanzu na ji," ya ce. "Sauko a hankali, Mu'allim, kada ka faɗi a ƙofar da nake gadi."